Kwaltar da Injiniya Ya Kawo Layinmu

Yau wata biyar ke nan babu warin fenti a ɗakinmu. Tsani yana jingine a bayan ƙofa, bokitai na kife su a ƙarƙashin gado, kuma babu mai tsayawa a tsakar gida da safe yana koya wa kaji yadda ake tafiyar da duniya. Mijina ya rasu. Mai fenti ne, amma duk layinmu Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, don babu makarantar da ta ba shi. Ni karatuna bai yi nisa ba, sai dai abin da aka yi a gabana ba na mantawa. Tunda jikokinsa sun fara jin labarin filin ƙwallo a bakin mai aski, gara su ji shi daga wadda ta wanke wandon.

Injiniya yana da hannu, wannan ba a musu. Bango in ya shafa, sai ka ga fuskarka a jiki. Aibinsa ɗaya a sana'a: in aka ba shi daɓen ɗaki, daga bakin ƙofa yake farawa ya yi ta ja da baya, har ya tsinci kansa a kusurwa, ɗanyen fenti a gabansa, bango a bayansa. Sau uku a zaman aurenmu ina miƙa masa abinci ta tagar gidan mutane. In aka yi masa magana sai ya murza gashin bakinsa, ya ce gwani ba ya tafiya ya bar aikinsa ya bushe shi kaɗai.

Gashin bakin nan kuwa shi ne dukiyarsa. Shekara talatin reza ba ta taɓa shi ba.

Shekarar da aka ba ƙasarmu baƙuncin gasar ƙwallon ƙasashe, garinmu na cikin waɗanda za a buga wasa. Aka fara gina ƙaton fili a bayan gari, aka shimfiɗa sabuwar hanya daga filin jirgi har ƙofarsa. Hanyar nan ta zo ta wuce ta bakin layinmu, taku goma ne tsakani, ta yi gaba abinta ko kallonmu ba ta yi ba. Mu kuwa layinmu in an yi ruwa, kwale-kwale ya fi mota amfani. Mace in naƙuda ta kama ta, a kujera ake ɗaukarta zuwa bakin titi.

Shagon mai aski a jikin katangarmu yake, saboda haka duk abin da aka faɗa a can ina jinsa daga gindin murhu. Wata safiya rediyon shagon ta ce kwamitin gasa yana neman ƙananan filaye a unguwanni inda baƙin 'yan wasa za su riƙa atisaye, kuma unguwar da aka zaɓa za a sa mata kwalta da fitilu.

Injiniya ya miƙe daga kan benci. "Shi ke nan, an kira ni."

"Wa ya kira ka?" in ji tela, wanda tun suna samari ba su taɓa yarda a kan magana ɗaya ba.

"Tarihi. Kai da ba ka san komai ba sai faɗin ƙugun mutane, bari in karanta maka. Tun zamanin da 'yan wasa ke zuwa gasa ta jirgin ruwa, babu garin da ya karɓi baƙi ya zauna yadda yake. Wani ya samu jirgin ƙasa, wani ya samu gada, wani asibiti. Ƙwallo ba wasa ba ce, maganaɗisun kwalta ce."

"Wani kuma ya samu fili mai cin mutum dubu sittin, yanzu jemagu ke kallon wasa a ciki. Shi ma a rediyon nan na ji."

"Wannan ba su da injiniya ne."

"To mu ina filinmu?"

Injiniya ya nuna bayan layi da haɓa. Akwai wani kango can inda mata ke shanya, awakin Goggo ke kiwo, bakanike kuma ya jibge wata matacciyar bas tun ɗiyarmu ta fari tana rarrafe.

Mai aski ya ajiye almakashi. "Injiniya, in kwalta ba ta zo ba fa?"

"In aka busa usur na farko babu kwalta a layin nan, ka aske gashin bakin nan a bainar jama'a."

Mai aski ya buɗe durowa ya ciro sabuwar reza cikin takardarta, ya maƙala ta a jikin madubi, ya ce wannan ya ajiye ta ba ta haya ba ce.

Da ya shigo gida na ce, "Malam, baki fa shi ke yanka wuya."

Ya ce, "Maman yara, ki fara neman takalmin da ya dace da kwalta."

A ranar ya rubuta wa kwamiti takarda. Ya karanta mini ita sau huɗu. A cikinta filinmu yana da ciyawa kamar darduma, da raga biyu irin na ƙasashen waje, da ɗakin canza kaya, da wurin zaman manyan baƙi mai inuwa. Na tambaye shi wane gari ne wannan filin yake, in je in gani. Ya ce takarda gaba take tafiya, aiki ya biyo ta. Ni na ɗauka a kwandon shara za ta ƙare. Ashe akwai mai karantawa. Bayan kwana shida amsa ta zo: za su zo dubawa nan da mako uku, ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe.

Ya fara da mata. Ya ce a kwashe igiyoyin shanya domin ƙasa. Matar direba ta ce in ƙasa na son igiya ta zo ta yi mata wankin yara shida. Da ƙyar aka daidaita a mai da igiyoyin gefe. Ya je wurin bakanike a janye bas, bakanike ya ce bas ɗin ba ta da taya ko ɗaya, kuma akwai kazar da ke kwanci a kujerar direba. Injiniya ya zagaya ta sau biyu, ya ɗauko buroshi ya rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe: Ɗakin Canza Kaya. Sai bishiyar da ke tsaye kusa da inda za a buga fanareti. Da ya zo da gatari, tsofaffin da ke zama a gindinta suka zuba masa ido. Ya mai da gatarin bayansa, ya ce dama ya zo ne ya gaya musu an naɗa su manyan baƙi.

Raga kuwa, awonta a talabijin ɗin mai aski ya yi. Ya tsaya gaban gilashi da zare ana wasa, ya auna ta farko lokacin da kyamara ta matso, ta biyu lokacin da ta ja baya, ya ninka kowacce da lissafin da shi kaɗai ya sani, ya kai wa mai walda. Da aka kafa su, ɗaya babbar mota za ta wuce ta cikinta da kayanta, ɗaya kuwa sai mai tsaron gida ya sunkuya.

Mai walda ya ce, "Ni abin da aka rubuta mini nake haɗawa."

Tela ya tsaya cikin ƙaramar, kansa na taɓa ƙarfe. "Wannan ta ƙasar wadanni ce?"

"Jahilci dai ciwo ne," in ji Injiniya. "Ba ka san bayan hutun rabin lokaci canza gida ake yi ba? Kowa zai ɗanɗana."

Saura ciyawa. Ya samo iri wurin wani mai lambu ya watsa, kajin layi suka yi masa godiya. Ya sake watsawa, ya zauna gadi da sanda. Kwana tara wani ɗan kore-kore ya leƙo kamar gemun saurayi. Ya tafi sallar azahar ya dawo, ya tarar awakin Goggo sun gama duba fili kafin kwamiti.

Goggo tsohuwa ce mai awaki goma sha ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa kayar da ita a magana. Ya ce ta ɗaure su. Ta ce, "Ɗan nan, tun ba a haife ka ba kakannin awakin nan ke kiwo a wurin. Kai ne baƙo." Sai da mai unguwa ya sa baki ta yarda za ta kulle su daga Laraba zuwa ƙarfe goma sha ɗaya na ranar Alhamis. Ta ce ko minti ɗaya ba za ta ƙara ba.

Ranar Laraba da yamma na same shi a tsakar gida ya fito da duk ragowar fentin da ya tara tun farkon sana'arsa, gwangwani kan gwangwani.

"Malam, me za a yi?"

"Ciyawa."

"Da fenti?"

"Mece ce ciyawa in ba kore a kan ƙasa ba? Mutanen nan daga nesa za su duba, su rubuta, su tafi. Kafin 'yan wasa su zo ta gaske ta fito."

Koren da yake da shi bai fi na ɗaki biyu ba. Ya haɗa shuɗi da rawaya, bai isa ba. Sai ya je wurin bakanike ya kwaso tsohon man inji ya tsinka fentin da shi, wai don ya yi auki. Bakanike da kansa ya ce masa abin da aka haɗa da man nan ba ya bushewa ko da za a shekara. Injiniya ya ce kowa ya tsaya a sana'arsa.

Da asubahin Alhamis ya fita da rolar shafa fenti mai dogon sanda. Na bi shi har bakin fili na ce, "Malam, don Allah wannan karon ka fara daga tsakiya ka fito."

Ya ce, "Daga tsakiya wasa ake farawa, ba fenti ba."

Ya fara daga gefe. Ya zagaye filin, ya sake zagayewa ta ciki, yana ja da baya yana waƙa. Zagayen farko kore ne shar, har na ji wani abu kamar alfahari. Na uku ya koma kalar ruwan kwata. Daga nan shuɗi, don rawaya ta ƙare. Kafin ƙarfe goma ya shiga ruwan hoda, ragowar fentin wani ajin ƙananan yara da ya taɓa shafawa. Da ya ɗaga kai ya duba, yana tsakiyar fili daidai, a kan ɗan wurin da bai fi faifai ba, fenti na ƙyalli ta gabas da yamma, kudu da arewa. Ya kife bokiti ya hau.

Mutanen layi sun riga sun cika gefe, an jera bencinan aro. Tela ya haɗa hannu a baki. "Injiniya, ta wace taga za a miƙo abinci?"

"Nan ne wurin shugaban masu masauki. Ku dai ku gyara zama."

Ƙarfe goma ta yi, babu kwamiti. Goma da rabi, babu. Ashe motarsu ta sako kai layinmu ta nutse har gindin ƙofa, samari na ta turi. Sai sha ɗaya saura kaɗan suka iso a ƙafa su uku: wata mace mai tabarau riƙe da fayil, ita ce shugaba, wani siririn mutum mai tef na awo, da wani tsohon ɗan wasa mai tumbi, sanye da fararen kayan motsa jiki tun daga wuya har takalmi, ya rungumo ƙwallo.

Shugabar ta tsaya a bakin fili ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Wane ne ya rubuto mana?"

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji Injiniya daga kan bokiti. "Barkanku da zuwa filin atisaye na ƙasa da ƙasa."

"To ƙaraso mana."

"Ladabi bai yarda in taka ciyawa kafin baƙi ba."

Ta shinshina iska. "Wannan ciyawa ce?"

"Ta zamani ce. Ba ta son ruwa, ba ta son yanka."

"Me ya sa can take ruwan hoda?"

"Ta yi fure ne, ranki ya daɗe."

Mai tef ya riga ya tafi wajen ƙaramar raga, ya auna, ya duba takardarsa, ya sake aunawa, ya tsaya yana kallon sama. Tsohon ɗan wasa kuwa ya ce shi ba ya yanke wa fili hukunci sai ya ji shi a ƙafarsa. Ya jefa ƙwallo ciki. Ƙwallon ta faɗi ta ce caɓ, ta zauna inda ta sauka kamar an haife ta a wurin.

Injiniya ya ce, "Kun gani? Ba ta gudu ta wahalar da 'yan wasa."

Tsohon ɗan wasan ya ja da baya, ya taho da ɗan gudunsa na da. Taku na farko lafiya. Na biyu ƙafarsa ta dama ta yi gabas, ta hagu ta ce ita yamma za ta. Ya zauna daɓas, ya tafi a zaune yana ratsa kore da shuɗi, bai tsaya ba sai a gindin bishiya, gaban tsofaffi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Sannu da zuwa."

A daidai nan agogon Goggo ya buga sha ɗaya, ita kuwa mai cika alƙawari ce. Ta buɗe ƙofa. Awaki goma sha ɗaya da suka kwana a kulle suka fito, suka hango kore shimfiɗe iya ganinsu. Ban taɓa ganin dabba ta yi murna irin wannan ba, ban kuma taɓa ganin murna ta ƙare da sauri haka ba. Suka faɗa ciki suna sulɓi, suna tashi, suna faɗuwa. Waɗanda suka tsira suka yi cikin shanyar matar direba, suka goge jikinsu da wankin yara shida. Bunsurun kuwa ya miƙe sambal sai tsakiya.

"Ranki ya daɗe, ki rubuta," Injiniya ke faɗi yana ɗaga hannu, "ko akuya ta yarda ciyawa ce."

Bai rufe baki ba bunsuru ya ɗauke bokitin daga ƙarƙashinsa. Injiniya ya faɗi da fuska. Da ya ɗago, gashin bakin nan na shekara talatin ya zama ruwan hoda, yashi ya manne a jiki kamar an tsoma buroshi a ƙasa.

Bakanike, mutumin kirki, ya kama tsohon ɗan wasa ya kai shi cikin bas ya ba shi aron wando. Ba a yi minti ɗaya ba muka ji kaza ta tashi, sai ga baƙo ya fito da gudu, ƙafa ɗaya a wando. Tela ya ce a dai yi adalci, ɗakin canza kaya ya yi aiki.

Shugabar ta rufe fayil. Ta dubi fili, ta dubi layin da motarta ke ciki, ta ce, "Za ku ji daga gare mu."

Injiniya yana zaune cikin fenti ya juyo wajen jama'a. "Kun ji ko? Za mu ji."

Kwana uku ina dirzar wandonsa da kananzir. Gashin bakin kuwa ya ƙi wankuwa, ya daskare ya yi tauri, haka ya riƙa yawo da shi.

Bayan mako biyu sai ga manyan motoci a bakin layi. Injiniya ya fita ba takalmi yana cewa a kira masa tela. Aka buɗe motoci, babu tsakuwa, babu kwalta. Kwanon rufi ne da katako. Ashe abin da shugabar ta rubuta shi ne, kada a kuskura baƙi su hango layin nan daga sabuwar hanya. A kwana biyu aka kafa mana katangar kwano mai tsayin mutum biyu, aka bar 'yar ƙofa.

Wani da kunya zai kwanta. Injiniya da ya ji ɗan kwangila na neman wanda zai yi wa katangar zane ta wajen titi, tsaninsa ya ɗauka. Kuma a nan ne ya yi aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa. Ya zana layinmu: ga shagon mai aski, ga ƙofarmu, ga bishiya, ga kwalta baƙa wul ta miƙe tsakiya da farin layi, fitilu dama da hagu. Ya shafe har 'yar ƙofar, fenti ya liƙe ta. Wannan karon shi ya ƙare a waje, mu ya kulle a ciki, sai da mai walda ya ɓalle ta da ƙarfe bayan la'asar.

Ranar buɗe gasa mai aski ya ciro rezar daga jikin madubi, ya fito da kujerarsa har bakin titi, duk layi na biye. Rediyo na hannun direba. Aka busa usur.

"Injiniya, bismilla."

Ya nuna katanga. "Ku makafi ne? Ga kwalta, ga fitilu."

Tela ya ce, "Hau ta ka je gida, mu gani."

Ya dubi zanen, ya dubi 'yar ƙofa da taɓon da ke bayanta. Ya zauna. Ya ce dama fentin nan ya dame shi, ya daɗe yana neman lokacin aski. An gama ɓari ɗaya ke nan sai ga jiniya, motar wasu baƙin 'yan wasa ta taho za ta masauki. Suka ga taro, suka ga mutum a kujera da rabin gashin baki ruwan hoda, suka manne da gilashi suna ɗaga waya suna dariya. Injiniya ya ture hannun mai aski, ya miƙe da zanen aski a wuya yana ɗaga musu hannu biyu har suka ɓace.

Ya koma ya zauna ya ce, "Sun gane ni. Ƙarasa."

Wata ɗaya aka yi gasa aka watse. Babban filin bayan gari yanzu a kulle yake, ciyawa ta gaske ta kai ƙugu, kuma ta inda shinge ya karye awakin Goggo ke shiga kiwo, ta ce gara da aka gina. Katangar kwano mutanen layi suka raba. Mu ɓangaren da ke da kwaltar muka samu, yana kan rufin ɗakina, kuma tun daga lokacin bai yi yoyo ba. Abin da gasar ƙasashe ta bar mana ke nan. Shi kuwa har ya kwanta ciwo yana cewa takardarmu na kan tebur, layi ake bi.

Ranar da ya cika an kwana ana ruwa. Mota ta tsaya a bakin titi, a kafaɗa aka fitar da shi, mai aski a gaba, tela a baya, taɓo har idon sawu. Ina daga bakin ƙofa na ji tela yana cewa, "Injiniya, ka tafi ba ka kawo ta ba," sai muryarsa ta karye.

Wanda duk ya karanta wannan, ya taya ni roƙo. Allah ya jiƙan Injiniya, ya yafe masa cika bakinsa, don bai taɓa cika shi domin cikinsa shi kaɗai ba. Allah ya yalwata masa makwanci, ya haskaka shi, ya bar masa ƙofa a buɗe ta inda zai fita zuwa rahama. Mu kuma da muka rage a layin nan, Allah ya nuna mana kwalta da ranmu. Ku ce amin.